Asabar, ranar buɗe gidan ƙawata

Yau tun asuba nike jin jikina ba daɗi, kuma ba ciwo ba ne, na san mi ke damuna. Ƙawata da muka tashi tare tun lakwal, muka shiga ƙungiyar mawaƙa tare, aka yi mana baftisma rana ɗaya, yau ake addu'ar buɗe gidansu a unguwar Ali Dan Sofo. Mu kuwa ga mu a ɗaki ciki da falo na haya, mai gida ya aiko yaro jiya wai wata ya yi nisa. Maigidana malamin kwantaragi ne, ni kuma keken ɗinki, to kun ji.

Na ɗauro zane na hau kabu-kabu wajen ƙarfe goma, rana ta riga ta buɗe, zafin Afrilu na Maradi dai sai wanda ya sani. Gidan fa ya yi kyau, ba zan rage mashi komi ba. Karo shimfiɗe a ƙasa tun daga bakin ƙofa har bayi, panno na wutar hasken rana a saman rufin dal, foraj nasu na kansu da shato na tara ruwa, ruwa na zuba babu jiran kowa, kicin ɗin ma ya fi falonmu girma. Ta riƙe hannuna tana zagayawa da ni ɗaki ɗaki tana cewa ƙawata kin ga abin da Ubangiji ya yi, ni kuma bakina na cewa mun gode Allah, mun gode Allah, amma a ciki lissafi nike, buhun siminti nawa, shekarun aurenta da nawa, mi muka yi mi suka yi. Da Fasto ya ce kowa ya ɗaga murya ya sa wa gidan albarka, sai na ji harshena ya yi nauyi. Wannan ne ya tsorata ni. Ni da ke jan waƙa gaban jama'a ran Lahadi, in kasa cewa Allah ya ƙara ma wadda ta kwana da ni asibiti lokacin haihuwar ɗiyata?

Wajen rabon abinci na koma gefe kusa da Iya, tsohuwar nan ta zumuntar mata da ta yi jinya a asibitin kutare na Danja tun tana budurwa, cutar ta tafi da yatsunta, cokali ma da tafin hannu biyu take riƙe shi. Ban ce mata komi ba, ita ta dube ni ta ce ɗiyata, fuskarki ba ta zo biki ba. Sai hawaye. Na zaci za ta ce mani in dubi hannunta in gode Allah, don haka mutane ke yi, in ka yi kuka su nuna maka wanda ya fi ka wahala. Ni wannan maganin bai taɓa yi mani aiki ba, don awo ne dai har yanzu, jiya ka auna kanka da na sama ka yi baƙin ciki, yau ka auna da na ƙasa ka ji sanyi, gobe wani ya sayi mota ka koma gidan jiya. Iya ba ta bi nan ba. Cewa ta yi, in kin koma gida ki kira sunanta gaban Ubangiji, sunanta fa, ba ki ce masu sabon gida ba, ki roƙa mata abin da kike so ma kanki, ko bakinki na ɗaci ki faɗa. Ta ce hassada ga mai rabo taki ce, ita ba abin da za ta rasa, ke ce za ki rame.

Da na dawo yara na barci sai na ɗauko Littafi. Na fara da Zabura 73 don na tuna Asaf ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda kishin masu girman kai da ya ga suna cin gaba. Amma ba ta zauna mani daidai ba, shi mugaye yake kallo, ni kuwa ƙawata ba muguwa ba ce, mijinta shekara da shekaru yana bin hanyar Dan Issa zuwa Jibiya da Katsina da kaya, guminsu ne. Wanda ya kama ni shi ne Matiyu 20, masu aikin gonar inabi, waɗanda suka fara tun safe aka ba su dinari ɗaya kamar yadda aka yi da su, ba a cuce su ko kaɗan ba, ganin na wasu ne kawai ya ɓata masu nasu. Mai gonar ya tambaye su ko alherinsa ne ke ba su haushi. Na daɗe a kan tambayar nan walle. Shekaranjiya ina cikin ɗakin nan ina waƙa ina ɗinki, ɗakin bai ragu ba, ni ce na je na ga karo.

Sai Yohanna 21, bayan tashin Yesu daga matattu, ya gama ba Bitrus aikin kiwon tumakinsa, Bitrus ya waiwaya ya ga ɗayan almajirin ya ce to wannan fa? Amsar a taƙaice ita ce ina ruwanka, kai dai ka bi ni. Ban ji ta kamar faɗa ba, sauke mani kaya ta yi, ashe ba a ɗora mani lissafin rabon kowa ba.

Ayar nan ta Filibiyawa 4:13 da ake rubutawa a jikin shago da bayan moto, yau na karanta ta tun daga aya 11. Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta, kuma zancen ƙoshi da yunwa yake, samu da rashi, ya ce ya koyi zama da wadar zuci cikin kowanne. Koya ya yi. Wato shi ma ba da ita aka haife shi ba, kuma ƙarfin daga Almasihu ne.

Na durƙusa na kira sunanta. Farko da ƙyar, daga baya na samu kaina ina roƙon kada ɓarawo ya san hanyar gidan, kada ciwo ya shiga, Allah ya ba ta haihuwar da ta daɗe tana nema, abin da duk yinin yau ban ko tuna ba sai da na durƙusa. Son fili bai fita raina ba, kuma ban ga laifinsa ba, zubin adashenmu na jaka biyu duk sati yana nan, in kwasata ta zo zan aje.

Bayan cin tuwo na kira ta na ce labulen falo da na ɗakuna ni zan ɗinka, ta kawo yadi kawai. Ta yi ta gardama wai sai ta biya, na ce ta bari. Litinin da safe zan je da tef in auna tagogin kafin rana ta yi zafi.