Yadda kazata ta tashi ta bar min baragurbi har tara

Bara da hunturu ne wata kazata 'yar gida da na saya a kasuwar Sabon Gari ta fara kwanci a lungun akurki, kana miƙa hannu sai ta baza gashi ta kumbura tana wani gurnani, ta kai maka sara. Ƙwai 12 na ƙirga a ƙarƙashinta, na bar ta nan cikin sauran kajin ina ta lissafin kwana 21.

Ashe duk safiya in ta sauka cin tsaki da shan ruwa, minti 20 ɗin nan da take yi a waje, sai sauran kajin su haye gurbin su saka nasu, ita kuma ba ruwanta, duk abin da ta tarar kwanciya take a kai. Kafin in ankara ƙwai sun kai 17, fiffikenta bai rufe su ba, na gefe suna shan sanyin Zariya, kuma da yake tana juya su yau wannan ne a waje gobe wancan. Takwas suka ƙyanƙyashe, kwana biyu ta kwashi 'yan tsakinta ta yi gaba. Da na fasa ragowar wallahi sai da raina ya ɓaci, wasu 'yan tsakin sun haɗu sarai har da gashi, kwanaki kaɗan suka rage musu.

Goggo ce daga Tudun Wada ta ce min, "Kai ɗan nan, ba a barin mai kwanci cikin jama'a." Zagaye na biyu sai na bi maganarta, da daddare na ɗauke kazar na kai ta ɗakin ajiya, na barbaɗa toka a ƙarƙashin ciyawa saboda ƙuma, na ba ta ƙwai 10 rak duka a rana ɗaya, kowanne na shata masa alama da gawayi. Huɗu a ciki ma na Shika Brown ne, irin kajin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta fitar nan Shika kusa da Zariya, su ba su cika kwanci ba, amma da yake akwai zakara a tare da su sai na gwada.

Ranar kwana 10 na haska su da tocila cikin duhu, jijiyoyi ja a cikin tara, ɗaya fayau ba komai, na cire shi. Daren kwana 20 na fara jin tsiyau-tsiyau daga cikin ɓawo, hannuna na ƙaiƙayi in taya su fasawa amma na daure. Washegari da la'asar duk taran sun bushe suna leƙowa ta ƙarƙashin fiffikenta.