Ɗoki ne ya wuce, na ɗauka so ne ya mutu

Ranar da na rubuta wa matata saki ɗaya, ba ta yi mini laifin da zan iya faɗa a gaban manya ba. Da Kawu ya tsare ni a zaurensa a Gwammaja ya ce, "To, me yarinyar nan ta yi maka?" sai na shiga kame-kame: abinci ba ya sauka da wuri, ta daina kwalliya. Ya yi shiru yana kallona. Can na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya: "Kawu, ba na jin abin da nake ji a da." Aurenmu bai cika shekara biyu ba, ga jaririya 'yar wata biyar a bayanta.

Ƙannena, saboda wannan maganar nake rubuto muku, don na san da yawanku za ku faɗe ta wata rana, ko da a zuci ne.

Shekara uku na yi ina zuwa zance ƙofar gidansu a Ɗorayi, Alhamis da Lahadi. Tun la'asar nake barin shago a Kantin Kwari, in yi wanka, in saka shadda mai guga, in fesa turare, in hau acaɓa. In aika yaro ya yi mini sallama da ita, in tsaya jikin dakali. Wannan jiran na minti ashirin, gabana na faɗuwa duk lokacin da na ji motsin takalmi a soro, shi na ɗauka so. Dare ya yi mu kwana a waya, zamanin da ake kiran dare kyauta.

Ku lissafa da ni. Awa 168 ce a mako, ni kuwa awa huɗu kacal nake ganinta, kuma kowannenmu ya shirya wa awa huɗun nan. Ban taɓa ganinta da mura ba, ba ta taɓa ganina ranar da bashi ya taso ni ba. Ga wasu manema biyu da ke zuwa, ban da tabbacin ni za a ba. Nisa, da jira, da fargabar rasawa, su ne itacen da ke hura wutar. Ranar da aka ɗaura aure aka kai ta ɗakina a Kurna, duka ukun suka tafi lokaci guda.

Sai daga baya na karanta cewa abin har a jiki yake. A 1999 wata likita a Jami'ar Pisa ta ƙasar Italiya, Donatella Marazziti, ta gwada jinin mutanen da suka faɗa soyayya sabuwa, ta ga wani ma'auni na sinadarin serotonin ya yi ƙasa, kamar na masu cutar da tunani ɗaya ke maƙale wa mutum ya ƙi fita. Da aka sake gwada wasunsu bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya koma daidai. A 2005 kuma Helen Fisher da Arthur Aron a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar sababbin masoya suna kallon hoton wanda suke so, suka ga sashen da ke aiki da sinadarin dofamin ne ke tashi, sashen kwaɗayi da neman abu. Shi kuwa wannan sashe sabon abu ne ya fi tayar da shi. Jiki ba zai iya zama cikin wannan zazzaɓi har abada ba; da haka ne, da ba wanda zai buɗe shago ko ya yi rainon yaro.

Akwai mai turare a layinmu. Duk wanda ya shiga shagonsa sai ya ce ƙamshi ya cika wurin, shi kuwa ya ce ba ya jin komai. Turaren bai gushe ba, hancinsa ne ya saba. Abin da ya same ni ke nan, amma ban gane ba.

A kan wannan sabo sai nauyi ya hau: kuɗin haya, ruwan 'yan garuwa, laulayi, haihuwa, jego. Tana tashi sau uku sau huɗu cikin dare, ni ina juya baya. Maimakon in kama mata, sai na koma majalisa. Ina tuna wani dare na shigo wajen sha ɗaya da rabi, ba wuta. Na haska fitilar waya, na gan ta a kan tabarma barci ya kwashe ta a zaune, jaririyar a cinyarta, kwanon tuwona a gefe an rufe da faifai, miyar ta yi sanyi ta daskare. Na tsallake su na shige ɗaki. Har gobe in na tuna wannan tsallakewar sai zuciyata ta yi nauyi.

Kuskurena na biyu ya fi muni. Wata yarinya mai zuwa sayen atamfa ta karɓi lambata, muka fara magana, sai ga faɗuwar gaban nan ta dawo. Na ce alhamdulillahi, ashe zuciyata lafiya lau, matar ce matsala. Ban tsaya na ga cewa ita ma sabuwa ce, tana nesa, a shirye nake ganinta ba. Amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta. Da na auro ta, da bayan shekara ɗaya da rabi ina nan inda na baro.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya karanto aya ta 21 ta Suratur Rum, inda Allah ya ce ya halitta mana mata daga jinsinmu domin mu natsu zuwa gare su, kuma ya sanya ƙauna da rahama a tsakani. Ya ce, "Natsuwa aka yi maka alkawari, ɗana, ba faɗuwar gaba ba. Natsuwar ta zo, kai kuma ka kore ta." Sannan ya tuna mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa kada mumini ya ƙi mumina, in ya ƙi wani halinta, zai yarda da wani.

Na mayar da ita kafin idda ta cika. Daren da ta dawo ta ce, "Maigida, ni ma tun ina da ciki na daina jin abin nan. Ban ɗauka dalilin tafiya ba ne." Ban taɓa tunanin ita ma ɗokinta ya wuce ba, kuma duk da haka ta ci gaba da rufe mini tuwo da faifai.

Don haka in ranar ta zo muku, kada ku fara neman mai laifi. Ke ƙanwata, ba lallai an shiga tsakaninku ba ne. Kada ki ƙarar da kuɗinki wajen 'yan tsibbu da masu tallan kayan mata. Kai kuma, kada ka ɗauki biro a wannan lokacin. Duka da wulaƙanci da hana abinci wani zance ne daban, wannan a kai wa manya ko Hisba ba tare da jinkiri ba. Sanyin ɗoki kaɗai nake magana a kai.

Abin da ya taimake mu ƙarami ne. Na rage majalisa, na koma cin abincin dare tare da ita. Na fara ba ta labarin kasuwa, har da ranar asara, ta zama ita ke riƙe mini littafin bashi. Wata Juma'ar mu je gidan zu da yara, wata mu hau Dala da yamma mu kalli gari. Annabi (SAW) ma ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu. Wani lokaci, ba kullum ba, sai ta yi dariya in ji wani abu mai kama da na ƙofar gidansu.

Amma yardarta ta ɗauki shekaru kafin ta dawo. Takardar nan tana ƙasan akwatinta har yau, a ninke cikin leda. Na roƙe ta ta yaga, ta ce yagawa ba za ta dawo da igiyar ba. Saura biyu a tsakaninmu.