Yadda na gyara fuskar kwamfutar ƙungiyarmu ta dace da idon Kawu

Kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, nan wani ƙauye a gefen Ringim, 'yar gwanjo ce, da Windows 7 ta zo. Ni ke kula da ita, amma mai zama a kanta kullum Kawu ne, sakataren ƙungiya, kuma idonsa ya fara rauni. Bayan Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, wani ƙanena da ke karatu a Kano ya sa mana Linux, wata manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, mai fuskar allo da ake kira KDE Plasma, ya koma makaranta ya bar ni da ita.

Kawu na zama ya ce, "Kai yaro, ina agogona?" Agogon nan mai hannu yake nufi, ɗaya daga cikin 'yan ƙananan kayan da Windows 7 ke bari a liƙa a allo. Tun 2012 Microsoft ta ce a kashe su, don masu kutse na iya bi ta cikinsu, amma Kawu da shi ya saba.

Ashe Plasma na da nata. Na ɗauko agogo na ajiye a allo, na danne shi da linzami na ɗan riƙe, sai ga 'yan maɗaukai sun fito a gefensa. Na ja kusurwa, agogo ya yi ta girma har ya kai faɗin tafin hannu biyu. Abin da ya burge ni, ko kaɗan bai dushe ba. Hoton waya in ka buɗa shi da yawa fashewa yake, domin ɗigo-ɗigo ne aka jera. Shi kuwa wannan zanen SVG ne: ba hoton aka adana ba, bayanin layuka da lanƙwasa aka adana, kamar ka ba tela awo maimakon ɗinkakkiyar riga. Duk girman da ka nema, kwamfuta sabon zane take yi. Na ƙara wa rubutu girma, haka ma kibiyar linzami, wadda da can Kawu sai ya yi ta lalube kafin ya gan ta.

Wajen launi na fi daɗewa. Samari sun fi son Breeze Dark, wato launin Plasma mai duhu, kuma da dare yana da kyau ƙwarai. Sai dai ofishinmu ƙofarsa gabas take kallo, da hantsi baƙin allo fuskarka kawai yake nuna maka. Farin Breeze muka zauna a kai. Su walƙiya da lilon da tagogin allo ke yi duk na kashe, don da sola muke aiki, kuma kwalliyar da za ta ci batir kafin a gama rubuta sunayen masu karɓar taki ba ta da wuri a nan. Sababbin launukan da ake saukewa daga intanet ma data suke ci.

Na sa ma'aunin batir babba a sama, na sa kalanda ta nuna watan Musulunci, kodayake wani lokaci takan saɓa da kwana ɗaya, don haka sanarwar Sarkin Musulmi muke bi.

Akwai kuma 'yar takarda ruwan ɗorawa da ake liƙawa a allo don tunatarwa. Kawu ya so a rubuta masu bashin taki a kanta. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, kowa na shigowa nan, kar mu tona asirin mutane." Ya ce haka ne. Ranar taro da ranar rabon iri kawai muke rubutawa, bashi kuwa yana cikin fayil mai makulli.