Godiya Ga Waɗanda Suka Gina Mana Gidan Marubuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan rana, ina miƙa godiyata, da ta 'yan'uwana marubuta da muka haɗa kuɗi da shawara, ga mutanen da suka sa hannu har gidan da muka daɗe muna magana a kansa ya kammala a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Ranar Asabar da ta wuce limamin garin ya yi mana addu'ar buɗe shi.

Tun da muka ji labarin gidan Ebedi da Dakta Wale Okediran ya buɗe wa marubuta a garin Iseyin na jihar Oyo a 2010, muke sha'awar samun irinsa a nan Arewa, inda mai rubutu zai keɓe na 'yan makonni, nesa da ƙarar janareta da hayaniyar gari, ya fuskanci littafinsa. Mun kuma yanke shawarar cewa da ƙasa za a gina shi, domin ɗakin bulo da kwano ba ya zaunuwa da rana a lokacin bazara sai da fanka, alhali katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyin dare har yamma, ta kuma riƙe ɗumi da hunturu.

Godiyarmu ta farko ga dagacin garin ce, wanda ya ba mu fili a gindin wata tsohuwar ɗorawa, ya kuma tsaya da kansa aka shata iyaka domin kada mu taɓa burtalin makiyaya.

Amma wanda muka fi jin nauyinsa shi ne dattijon maginin da ya jagoranci aikin, wanda dukanmu muke kira Baba, kuma ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Da muka kai masa zanen da aka yi mana a kwamfuta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye mu ta ina ruwa yake bugowa a garin. Ba wanda ya iya ba shi amsa a cikinmu. Shi ya nuna mana cewa hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka ya mayar da ƙofofin yamma, ya ƙanƙanta tagogin gabas, ya kuma rage faɗin ɗakunan, domin azara tana da iyakar tazarar da za ta ɗauki nauyin rufi ba tare da ta lanƙwasa ba. Zauren karatu kaɗai ya yi wa bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufi, irin dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi masallacin Juma'a na Zariya da ita a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Na tsaya ina kallonsa yana jera gajerun azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, yana ɗaurewa da igiya yana lulluɓewa da ƙasa, sannan ya bar ta ta bushe kafin ya ɗora ta gaba, har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama. Bai taɓa yarda a gaggauta shi ba.

Dole ne in faɗi laifina a bainar jama'a, domin godiyar ba za ta cika ba sai da shi. Da damina ta gabato, tsoro ya kama ni, na matsa lallai sai an shafe katangar gabas da siminti. Baba ya ce mini, "Malam, ƙasa tana numfashi, in ka toshe mata hanci za ta yi maka gardama." Na dage, ya yi mini yadda nake so. A watan Agusta ruwa ya samu wata 'yar tsaga ya shiga bayan simintin, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe daga ciki, sai wata safiya muka tarar shafen ya ɓallo gaba ɗaya da rabin kaurin katangar. Baba bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya sa aka tokare rufin da itatuwa, aka kare wurin da zana har ruwa ya ɗauke, sannan ya sake ɗora tubali, ya shafe da makuba da aka jiƙa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, kuma ya ƙi karɓar ko kwabo a kan gyaran. Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa zuriyarka albarka.

Ina godiya ga samarin garin da suka yi mana gayya wajen kwaɓa ƙasa da ciyawa, suka tattake ta da ƙafa, suka bar ta ta kwana da kwanaki tana tsima kafin a mulmula tubali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mun ga haka da idonmu. Ina godiya ta musamman ga iyayenmu mata da suka yi ta jigilar ruwa daga rafi a tsakiyar rani, sannan suka taru suka yi mana daɓe, suna bugawa da madaɓi suna waƙa, har ƙasan ɗakunan ya yi santsi yana ƙyalli. Haka kuma masu rinin da suka tara mana katsi daga marinarsu, wanda aka haɗa lason rufi da shi, da matashin da ya kafa mana sola da tankin tara ruwan indararo.

Akwai abokan arziki da suka ce mun koma baya, kuma na fahimci damuwarsu, domin ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. Ni dai a ganina ba a yi wa maginanmu adalci ba. A Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962 ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986, kuma a Dandaji an gyara tsohon masallacin ƙasa an mayar da shi ɗakin karatu a 2018. Abin da ya fi damuna shi ne azara, domin giginya tana ƙarewa a dazuzzukanmu kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Saboda haka muka binne ƙwallayenta a gefen filin, ko da yake mun san ba mu ne za mu amfana da su ba.

Gidan yana da ɗakuna uku da zauren karatu, kuma baƙin farko za su sauka bayan kaka in Allah ya yarda. Baba ya gindaya mana sharaɗi ɗaya, wato duk shekara kafin ruwan farko a duba indararo, a cike tsagogi, a sabunta yaɓe, mun kuma yi masa alkawarin cewa marubutan da suka kwana a ɗakunan su ne za su riƙa miƙa masa ƙasa a ranar. Allah ya bar zumunci, ya kai mu lokacin da rai da lafiya.