Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗan Mai A-daidaita-sahu

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya inda korona ta rutsa da ni a birnin Haidarabad na Indiya, makaranta a rufe, hanyar gida ta toshe. Yau zan ɗan kauce daga kaina, domin a ƙarshen 2020 labarin wani yaro ya shigo cikin nawa, duk da bai san ma ina duniya ba. Sunansa Muhammad Siraj, ɗan wasan kurket ne na Indiya.

Dattijon da nake haya a gidansa a unguwar Tolichowki direban a-daidaita-sahu ne. Ina ce masa Chacha, shi kuma ya ce mini beta, kamar yadda yake kiran 'ya'yan cikinsa. Shi ya koya mini wasan kurket da ƙarfin tsiya. Ya jera kofunan shayi uku a ƙasa ya ce su ne sanduna, ya ɗauki lemon tsami ya ce ƙwallo ke nan. Mutum ɗaya zai rugo ya wurga ƙwallon ta daki ƙasa ta nufi sandunan, wani na tsaye da faffaɗan katako yana kare su yana neman maki. In ta kayar da sandunan, ko ya buga aka cafe kafin ta taɓa ƙasa, to ya fita. Masu jifan iri biyu ne: masu murza ƙwallo a hankali da dabarar yatsu, da masu wurgin ƙarfi waɗanda jifarsu ke kai kilomita 140 a awa. Siraj yana cikin na biyun.

Abin da ya sa Chacha ke ji da shi a fili yake. Mahaifin Siraj, Muhammad Ghaus, sana'arsu ɗaya, shi ma a-daidaita-sahu ya ja a titunan garin har ya raini 'ya'yansa. An haifi yaron ranar 13 ga Maris 1994, ya tashi yana jifa da ƙwallon tanis a filin idi na unguwar First Lancer, ba koci, ba takalmin kirki. Ƙwallon fata ta gaske sai da ya kusa shekara 20 ya fara wasa da ita, a lokacin da sa'o'insa 'ya'yan masu hali sun daɗe a makarantun horo. Amma a kakar 2016 zuwa 2017 ta gasar Ranji, wadda jihohin Indiya ke karawa a cikinta, ya fitar da mutum 41 wa Haidarabad. A Fabrairun 2017 aka yi gwanjon 'yan wasan gasar IPL, babbar gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya, aka sa masa farashin farko rupi (kuɗin Indiya) miliyan 2, ƙungiyar Sunrisers ta garinsu ta saye shi a kan miliyan 26. Abu na farko da ya yi, ya roƙi mahaifinsa ya ajiye tuƙi, ya kuma nema wa iyayensa gida. Duk sanda Chacha ya zo nan a labarin sai ya yi shiru ya shafa gemu.

Bayan haka bai sha da daɗi ba. Ranar da ya fara buga wa ƙasarsa a Rajkot, Nuwamban 2017, 'yan New Zealand sun yi masa ruwan maki. A 2019 da wasansa ya lalace a ƙungiyar Bangalore da ya koma, har gori aka riƙa yi masa a intanet cewa ya koma ya ja keke da ubansa. Wannan gorin ya fi komai ƙona wa Chacha rai. "Beta," ya ce mini, "da wane kuɗi suke zaton aka ciyar da shi?"

Ranar 20 ga Nuwamba 2020 Allah ya yi wa mahaifin Siraj rasuwa bayan fama da ciwon huhu. Yaron yana Sidni ta Ostireliya tare da tawagar ƙasa, a killace a ɗakin otal saboda dokar korona, ko abokan wasansa ba su da ikon shiga su dafa kafaɗarsa. Hukumar kurket ta Indiya ta ba shi zaɓi ya dawo gida. Mahaifiyarsa ta ce ya zauna ya cika wa mahaifinsa burinsa na ganin ɗansa ya buga wa ƙasa babban wasan nan na kwana biyar. Ya zauna.

Ni wannan hukunci ya tsaya mini a rai. A lokacin nawa mahaifin yana kwance ba lafiya a gida, kullum wayata ta yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi. Na ce wa Chacha ni kam da zan iya, da ƙafa ma sai na tafi. Ya ce ko yaron ya taso a ranar, ba zai riski jana'iza ba, gawa ba ta jiran jirgi, abin da ya rage tsakaninsa da mahaifinsa addu'a ce, ita kuwa daga ko'ina tana isa. Har yau ina ganin babu wanda ya isa ya zargi Siraj, kuma babu wanda ya isa ya ce abin ya zo masa da sauƙi.

Wasan farko na karawar Indiya da Ostireliya a Adelaide Indiya ta sha kunya, maki 36 kacal aka fitar da su duka a zagaye na biyu, Muhammad Shami, ɗaya daga cikin masu wurgin ƙarfi na Indiya, ya karye a hannu. Ta haka ƙofa ta buɗe wa Siraj a Melbon ranar 26 ga Disamba. Saboda bambancin lokaci, ƙarfe biyar na safe ake farawa a wajenmu, sai mu idar da sallar asuba mu zauna gaban ƙaramar talabijin ɗin Chacha da shayi mai citta. Mutum na farko da Siraj ya fitar shi ne Marnus Labuschagne. Chacha ya yi kabbara har matarsa ta leƙo daga kicin.

A Sidni, ana rera taken ƙasa kyamara ta hasko shi hawaye na zuba, yana sharewa da hannu biyu. A wannan filin ne kuma wasu 'yan kallo suka riƙa jifansa da kalaman wariyar launin fata. Bai haɗiye ba, ya je ya gaya wa kyaftin Ajinkya Rahane da alƙalan wasa, aka tsayar da wasan, 'yan sanda suka fitar da mutum shida. Ni da na san irin sunayen da ake kiran baƙar fata da su a wasu lungunan garin da nake zaune, na ji daɗin abin da ya yi, kuma na faɗa wa Chacha dalilina ba ɓoye-ɓoye. Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce in wani ya sake yi mini a unguwar nan in zo in same shi.

Kafin wasan ƙarshe a Birisben raunuka sun kwashe manyan masu jifan Indiya, har da Jasprit Bumrah da Ashwin. Yaron da wasansa na uku ke nan shi ya zama babba a cikin masu jifa, shi ke zuwa yana rada wa na bayansa inda za su sa ƙwallo. A zagaye na biyu ya fitar da mutum biyar a kan maki 73, cikinsu har da gwanin Ostireliya Steve Smith. Ranar 19 ga Janairu 2021 Indiya ta cimma maki 328 da ake nema, Rishabh Pant ya ƙarasa aikin, a filin Gabba inda rabon da a doke Ostireliya tun 1988. Siraj ya gama da mutum 13, fiye da kowane ɗan Indiya a karawar. A ranar, Chacha bai karɓi kuɗin kowa ba a fitarsa ta yamma, ya dawo da alewa ya raba wa yaran layi.

Da jirginsu ya sauka a Haidarabad, Siraj bai nufi gida ba sai da ya fara zuwa maƙabarta ya yi wa mahaifinsa addu'a. A daren na kira Baba, muka daɗe muna magana fiye da yadda muka saba, har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, ya ce to in dage da karatu, jikinsa da sauƙi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda aka buɗe makaranta, da rigimar sabunta takardar zamana da ta kusa hana ni zana jarrabawar ƙarshe.