Ga masu sabon albashi, daga wanda ya sayar da gonarsa

Ɗan ƙanwata ya samu aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya bara, bayan dogon zaman jira tun da ya gama bautar ƙasa. Mun yi murna, mun yi wa Allah godiya. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni, muna zaune a zaure sai aka kira shi a waya, na ji yana ciniki da dillali a kan kason gonar da ya gada wajen mahaifinsa. Da ya ajiye wayar na ce, "Kai kuwa me ya yi zafi?" Ya ce, "Kawu, mota zan saya. Banki sun yarda su ba ni rance a kan albashi, sai in cika da kuɗin gonar. Bai kamata a ce ma'aikaci kamata yana rububin adaidaita sahu kullum ba." Na kasa ce masa komai. Gabana ne ya faɗi, domin kusan abin da na gaya wa yayana ke nan a 2007, lokacin da ya zaunar da ni yana roƙona kada in sayar da tawa.

Ina so ku fahimci irin duniyar da muka taso a cikinta, don kada ku ɗauka mu wawaye ne. Muna yara, malamin sakandare mutum ne da ake tashi a ba shi wuri. Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikaci yana karɓar rancen mota ya sayi Fijo sabuwa fil, wadda aka haɗa a Kaduna. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki dare da rana, unguwannin masana'antun Kano na Bompai da Sharada da Challawa kuwa idan aka tashi ma'aikata, kekuna sai sun cika titi. Abin da muka gani da idonmu shi ne, wanda ya yi boko ya samu aikin albashi ya tsira, shi da zuriyarsa. Gona ta wanda bai yi karatu ba ce. Da wannan tunanin aka raine mu, kuma iyayenmu da kansu suka dasa mana shi.

Amma kuma ba zan ɓoye ba, na ga gargaɗi tun da wuri. Ina saurayi aka kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP a 1986, zamanin Babangida, aka karya darajar naira. Na ga malamanmu waɗanda muke sha'awar motocinsu sun jingine su a kan duwatsu a ƙofar gida saboda kuɗin taya ya gagare su. Na ga masaƙu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, magidanta suna komawa acaɓa. Duk na gani, sai na ɗauka abin ya wuce, ba zai sake dawowa ba.

A 2007 ina tsakiyar ƙarfina a aiki. Albashi yana shigowa a kan kari, dala ba ta kai naira 130 ba. Lokacin ne kuma bankuna, bayan haɗe su da aka yi a 2005, suke ta sayar da hannun jari. A ofis ba a hirar komai sai wane ya saya a kaza, yanzu ya ninka. Gonata tana bayan gari, kuma abin da ake samu a cikinta a shekara bai kai albashina na wata biyu ba. Na yi lissafi a takarda, lissafin ya nuna mini gonar asara ce. Na sayar. Rabin kuɗin na zuba a hannun jarin bankuna, rabin na haɗa da rancen banki na sayi mota 'yar Kwatano, na kama hayar gida a unguwar da ta fi ƙarfina, na cire yara daga makarantar gwamnati na kai su ta kuɗi.

Daga watan Maris na 2008 kasuwar hannun jari ta fara gangarowa, kafin shekara ta zagayo ta rasa fiye da rabin darajarta. A watan Agustan 2009 Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, kuma wasu daga cikin takardun da nake riƙe da su suka zama ba su da wani amfani. Rancen motar kuwa bai san da wannan ba. Duk ƙarshen wata, kafin alat ya iso wayata an riga an zare nasu, har da kuɗin ruwa, wanda tun farko na san haramun ne na rufe ido na sa hannu. Wannan ya fi komai ci mini rai har yau.

Wani lokaci ina ce wa kaina, ai ba ni kaɗai ba ne. Daraktoci sun saya, likitoci sun saya, malaman jami'a masu koyar da ilimin tattalin arziki ma sun saya. Wa ya san haka za ta faru? Motar kuma ba don alfahari kaɗai na saye ta ba. Mahaifiyata tana fama da ciwon ƙafa, ana kai ta asibiti a kai a kai, kuma da motar nan na yi mata hidima har Allah ya karɓi abarsa. Makarantar kuɗin ma, in aka ce in sake zaɓe, ban tabbata zan bar yarana a aji mai ɗalibai fiye da ɗari ba. Ga nauyin dangi: duk wanda zai yi aure, duk wadda ta haihu, duk wanda aka kwantar, gidan ma'aikaci ake nufa, kuma ba na iya cewa babu. To amma idan dare ya yi na kwanta, na san gaskiya. Ana iya kai tsohuwa asibiti a motar haya. Abin da ya sa na sayar da gonar shi ne ina jin kunyar abokan aikina su gan ni ina saukowa daga bas. Yayana ya faɗa mini haka ƙiri-ƙiri, na yi fushi na daina zuwa gidansa na wani lokaci. Yau gari ya cimma gonar nan, an yanka shi fuloti-fuloti, kuma kuɗin fuloti ɗaya ya fi duk garatutin da na karɓa. Motar tuni na sayar da ita a hannun bakanike, a farashin da ba na son tunawa.

Abin da ya biyo baya kun san shi, domin a cikinsa kuka girma. A 2016 tattalin arziki ya karye, dala ta tashi daga 197 ta haura 300 a farashin gwamnati, a wajen 'yan canji kuwa ta kai kusan 500. A shekarar na mayar da yara biyu makarantar gwamnati, na ce musu don ta fi kusa da gida. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki, shinkafa ta yi tsalle. Sannan ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yuni na 2023, zuwa farkon 2024 dala ta wuce 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, na abinci kuma ya taɓa haura kashi 40 a tsakiyar shekarar.

Ku dubi mafi ƙarancin albashi kawai. A 2011 naira 18,000 ne, kuma a canjin lokacin ya haura dala 110. A 2019 aka mayar da shi 30,000, wajen dala 80 ke nan. A 2024 aka ce 70,000, aka yi ta shela, alhali bai kai dala 50 ba. Lamba tana hawa, abin da take saya yana sauka. Haka yake ga ma'aikaci mai matakin albashi na 8, haka yake ga mai mataki na 15. Masu rufin asirin da na sani, shugabannin makarantu, ma'aikatan jinya, tsofaffin akawu, yanzu shinkafa da kwano suke aunowa, wasu da gwangwani. Na san magidancin da yake fita da adaidaita sahu bayan isha'i, a unguwar da ba a san shi ba. Talaka yana iya miƙa hannu a taimake shi. Mai rufin asiri kuwa sai ya goge rigarsa ya fito yana murmushi, alhali ba a ɗora tukunya a gidansa ba, kuma har yanzu dangi shi suke kira.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, sai na ga yawancinsu surutu ne. Ga wanda na tabbatar: kada ka sayar da ƙasa don ka sayi abin da yake shan mai. Kada ka ci bashi a kan albashin da ba ka karɓa ba tukuna. Ba a yin ƙarin ƙasa, naira kuwa ana buga ta kullum. Idan ba za ka iya noma gonar ba, ka ba wani aro ko haya, ka bar ta tana nan.

Na so in ƙara da cewa ku sayi hatsi da kaka ku ajiye, domin shekara da shekaru hakan yana fitar da mutane. Amma waɗanda suka cika sito a Dawanau da kakar 2024 sun sha kashi a 2025 da farashin masara da shinkafa ya faɗi, manoma kuma suka sayi taki da tsada suka sayar da amfani da araha. Kuma na san akwai wanda gonarsa take a Zamfara ko wani yanki na Katsina, inda zuwa gona kansa kasada ce da rai. Wannan ba zan ce masa kada ya sayar ba. In ya samu mai saye ya sayar, amma ya mayar da kuɗin cikin wata ƙasar, ko da rabin fuloti ne a bayan gari. Kada ku ajiye kuɗi a banki suna narkewa. Amma kuma kada ku zauna babu ko sisi a hannu, domin ranar da aka kwantar da yaro cikin dare, ba a biyan asibiti da fuloti. Na san maganganun nan biyu suna karo da juna. Ni ma ban gama warware su ba, kowa ya duba halinsa.

Abin da yake ba ni haushi da ku shi ne, mu aƙalla muna da uzurin cewa ba mu sani ba. Ku fa? MMM, tsarin nan na damfara mai alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci, ya tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016 kuna kallo. A 2025 wani irinsa mai suna CBEX ya sake yin haka. Saurayi ya wuni yana danna waya wai yana mainin, wato haƙo kuɗin intanet, ya kwana yana cacar ƙwallo, kuɗin data ɗinsa na wata ya isa ya sayi ɗan akuya. Wayar da ke hannunsa ta fi albashinsa na wata uku. Idan an zo aure sai an yi kamu da dina da ɗaukar hoto kafin biki, duk a kan bashi, amarya ta tare a gidan da mai haya zai fara sallama bayan wata shida. In ka yi magana a ce Baba zamani ya canja. Ya canja mana, ya ƙara tsanani, shi ya sa ya kamata ku fi mu taka-tsantsan. Na san kuma kuna da hujja a kanmu. Mu muka samu karatu kusan kyauta, muka samu aiki ba tare da mun sayi gurbi ba, muka bar muku ƙasa a haka. Saurayin da ya ga cewa ko ya tara albashinsa na shekara goma ba zai gina ɗaki biyu ba, ba abin mamaki ba ne ya ce bari ya ji daɗin yau. Na fahimta, amma ban yarda ba.

Ka koyi sana'ar hannu tun kana da ƙarfi, ko da kana da ofis. Gyaran sola, ɗinki, kiwon kaji, aikin famfo, duk wadda ta samu. Ni na raina wannan, ina ganin zubar da girma ne a ga mai digiri da sifana a hannu, sai ga shi na yi ritaya ban iya komai ba sai rubuta takarda. Fanshon da ake tara maka tun dokar 2004 a naira yake, kuma abin da ya sami albashi shi zai same shi. Kada ka bar aikin, domin kaɗan mai zuwa duk wata yana da ranarsa, amma kada ka jingina rayuwarka gaba ɗaya a kansa.

Zancen dangi kuwa, ban san yadda zan faɗe shi ba tare da an ce na hana zumunci ba. Ka taimaka, wajibi ne. Amma ka yanke abin da za ka iya tun farkon wata, idan ya ƙare ka ce ya ƙare, kada ka ciwo bashi don a ce kai mutumin kirki ne. Kuma ka gaya wa matarka ainihin abin da kake ɗauka. Na ɓoye wa tawa shekaru, ina ganin hakan ne girma, ita kuma tana tsara gida a kan kuɗin da babu su. Ranar da na zaunar da ita na nuna mata takardar albashi da abin da banki yake cirewa, ba ta yi mini gori ba. Ta sayar da 'yan kunnenta ta fara harkar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta shiga adashi da matan unguwa. A 2024, lokacin da fanshona ya kasa kai mu tsakiyar wata, da kuɗin man gyaɗar nan aka biya wa autarmu kuɗin jarrabawar fita sakandare.