Kafin Ka Ɗaure Gajeruwar Akuya A Turke

Ƙannena masu sha'awar kiwo, tun da hotunan ƙananan awaki suka cika Facebook, samari a nan Garwa ta arewacin Kamaru suke ta cigiyar "irin ta Turawa". Ku sani gajarta ba iri ɗaya ba ce. Awaki uku za su iya tsayawa tsawo ɗaya a kasuwar garin Fitowa (Pitoa) da ke kusa da mu ranar Lahadi, amma kowace da asalinta da abin da za ta iya yi maka.

Waɗanda kuke gani a waya, Pygmy da Nigerian Dwarf, asalinsu namu ne. Daga gajerun awakin Afirka ta Yamma aka kwashe kakanninsu zuwa gidajen namun daji na Turai, daga can suka isa Amurka, masu kiwo suka yi ta zaɓe har suka raba su gida biyu. Pygmy dunƙulalliya ce, ga faɗin ƙirji, ga gajerun ƙafafu masu kauri, jikin nama ke nan. Nigerian Dwarf kuwa siririya ce, ƙirar akuyar tatsa aka rage mata girma, macen ba ta wuce santimita 57 a kafaɗa, nononta kuma akwai maiƙo. Wannan nonon aikin zaɓen iri ne na shekaru da abinci mai kyau. Kada dillali ya nuna maka gajeruwar akuya ya ce ita ce, don sunan Najeriya yana jikinta.

Gajeruwar akuyarmu ta kudu, ta ƙasar kurmi, tsawonta santimita 40 zuwa 50 ne galibi. Babbar baiwarta jure cizon tsando da ciwon sammore, ga yawan tagwaye, har 'yan uku. Nono dai iya na 'ya'yanta. Sai ta duwatsun Mandara da kudancin Chadi, wadda littattafai ke kira Kirdi, wadda ta saba da rani da hawan dutse da kalar abin da ta samu. A wajenmu ita ce ta fi dacewa da wanda zai fara da ƙaramin jari, domin zafin watan Afrilu ba baƙonta ba ne. Doguwar akuyar Sahel da jar akuyar Sakkwato da Maradi, mai fatar da ta yi suna, ba sa cikin wannan layi, amma jininsu ya gauraya da na gajerun a kasuwanninmu, kuma a nan ake ruɗuwa.

Ni ma a nan na faɗa. Na taɓa sayen wata 'yar akuya don ƙanƙantarta, ban buɗe bakinta ba, ban duba ƙafafunta ba. Ashe ba gajeruwar asali ba ce, tsumburarriya ce da yunwa da tsutsar ciki suka daƙile. Alamun duk suna nan, ni ne ban san su ba: ciki ya kumbura, gashi ya tashi ba sheƙi, ƙashin baya yana sukar hannu, ƙafafu sirara dogaye da ba su dace da jikin ba, cikin fatar ido fari fat. Gajeruwar asali ƙafarta gajeruwa ce mai kauri, jikinta a cike, idonta garau. Saboda haka ka ɗaga leɓenta na ƙasa. Haƙoran nono ƙanana ne. Manya biyu na farko suna fitowa ne bayan ta shekara, sai wajen shekara huɗu manyan haƙoran gaba guda takwas ke cika. In haƙori ya ce babba ce, jiki kuma ya ce yarinya ce marar ƙwari, bar ta.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne na bunsuru. Na so 'ya'ya masu girma, sai na bar dogon bunsurun Sahel ya hau wata ƙaramar akuyata da ko shekara ba ta yi ba. Bayan wata biyar naƙuda ta zo cikin dare, kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta. Ta yi ta kuka tana tashi tana kwanciya, kafin malamin dabbobi ya iso ɗan ya mutu, ita ma ba ta kwana biyu ba. Gajerun awaki suna balaga da wuri, tun jikinsu bai nuna ba. Ka raba 'yan matan da bunsuru har su yi ƙwari, in kuma za ka gauraya iri, uwa ce za ta zama babba, ba uba ba.

Akwai kuma annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. An fara gano ta a Kodebuwa a 1942, kuma gajerun awaki na cikin waɗanda ta fi yi wa kisa. Sabuwar akuya daga kasuwa, komai kyanta, a ɗaure ta a turkenta daban na wajen mako uku, kwanon ruwanta daban, a ba ta maganin tsutsa, a cire mata kaska. Allurar rigakafin ba daga nesa take zuwa ba, LANAVET, cibiyar gwaji da haɗa alluran dabbobi ta ƙasa da ke Bokle kusa da mu, tana yin ta, sai ka nemi malamin dabbobin unguwarku tun kafin sanyin hunturu ya shigo. Ka kuma tanadi harawar wake da ta gyaɗa, dusa, 'ya'yan gawo da 'yar kanwa tun kaka, don in rani ya yi nisa kuɗin damin harawa yakan fi ƙarfin mai ƙaramin jari.